Mai gaskiya ya faɗi a kotu: a ina aikin lauya ke tuntuɓe?

Duk sa'ad da labari ya fito cewa kotu ta yi watsi da wata babbar ƙara tun ba a kira shaida ko ɗaya ba, tambayar jama'a ba ta sauyawa: yaya mutum zai zo da gaskiyarsa a hannu, a sallame shi don ya makara da kwana biyu, ko don wanda ya sa hannu a takarda ba shi ya kamata ya sa ba? Kafin gari ya waye an gama yanke hukunci a bakin hanya, wasu su ce an saye lauya, wasu su ce alƙali ne ya ci. Rashawa tana nan a duniya, babu mai musun haka. Sai dai duk wanda ya san aikin ya san ƙararraki da yawa mutuwar kansu suke yi, a wasu 'yan wurare sanannu da lauyan filaye da lauyan kamfani da mai kare wanda ake tuhuma duk suke shakka: wa'adi, hurumi, karɓuwar hujja, lafazin takarda, da kuma yadda za a karɓo abin da kotu ta ba mutum.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, shi ya sa misalan da ke tafe aka ɗebo su daga wurare daban-daban. Ramukan dai iri ɗaya ne.

Gundarin ƙara da ƙa'idar shigar da ita

Doka kashi biyu ce. Akwai wadda ke faɗin haƙƙi: wanda ya ci bashi ya biya, wanda ya ji wa wani rauni ya ba da diyya. Akwai kuma wadda ke faɗin hanyar neman haƙƙin: wace kotu za a je, cikin kwana nawa, da wace takarda, wa zai kai sammaci. Jama'a kashi na farko suka sani. Lauya kuwa yawancin yininsa a kan na biyu yake ƙarewa.

Har kalmar “an kori ƙara” ma tana ɓoye abubuwa biyu. Wani lokaci kotu cire ƙarar kawai take yi daga jerin shari'unta saboda wani aibu na ƙa'ida, mai ƙara yana iya gyarawa ya dawo. Wani lokaci kuma kora ce ta gaba ɗaya, wadda ke rufe ƙofa, domin ba a sake shari'a ɗaya tsakanin mutane ɗaya a kan abu ɗaya bayan an yanke ta. Abu na farko da lauya ke dubawa a hukunci ke nan. Amma ko cirewar ce, idan wa'adi ya ƙare yayin da ake ta jayayya, izinin dawowar ya zama na baka.

Wa'adi, makashin ƙararraki

Kusan kowace ƙara ta haƙƙi tana da lokacin da za a shigar da ita. Dokar Ingila ta 1980 ta ba da shekara 6 ga ƙarar saɓa kwantiragi, shekara 3 ga raunin jiki, shekara 12 ga neman fili, shekara 1 tak ga ɓata suna. Faransa ta daɗe a kan shekara 30, sai a 2008 ta rage wa'adin gama-gari zuwa shekara 5. A Najeriya ƙarar zaɓe kwana 21 gare ta daga ranar da aka bayyana sakamako, kotun kuma dole ta yanke hukunci cikin kwana 180. Fasinjan jirgin sama da aka lalata wa jaka a tafiyar ƙasa da ƙasa, Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kwana 7 ta ba shi ya rubuta koke, shekara 2 kuma ya kai ƙara.

Sanin adadin ba shi ne wahala ba, yana rubuce. Wahalar ita ce sanin ranar da za a fara ƙirga. A kwantiragi, a Ingila, daga ranar da aka saɓa ake farawa, ko da wanda aka cuta bai ankara ba sai daga baya. A raunin jiki, dokar Ingila ta yarda a fara daga ranar da mutum ya san raunin da kuma wanda ya jawo shi, wanda ke da amfani ga cutar da ke ɓoyewa shekaru kafin ta bayyana. Yaro ba a fara ƙirga masa sai ya kai shekara 18. Idan an yi zamba ko an ɓoye gaskiya da gangan, sai ranar da asiri ya tonu, ko ranar da ya kamata mai lura ya gano.

Ga inda mutane suka fi ruftawa: a Ingila da wasu ƙasashe, zaman sulhu ba ya tsayar da wa'adi. Wanda ake bi bashi zai yi ta cewa a yi haƙuri zuwa wata mai zuwa, ana ta kai gwauro ana kai mari, ran da wa'adi ya cika sai ya daina ɗaga waya. Gogaggen lauya ɗayan biyu yake yi: ko ya shigar da ƙara sannan a ci gaba da tattaunawa, ko ya sa ɓangarorin su sa hannu a takardar da ta dakatar da ƙirga. A ƙarar bashi kuma dokar Ingila ta ce idan wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce da sa hannunsa, ko ya biya wani abu daga ciki, ƙirga ya koma farko. Sharaɗin shi ne a samu amsawar kafin wa'adin ya cika. Bayan ya cika, ba ta tayar da matacce.

Tsananin abin ya fito fili a shari'ar Bowles a Amurka. Mutum ne da ke ɗaure kan laifin kisa, ya nemi a sake buɗe masa lokacin ɗaukaka ƙara. Doka kwana 14 ta yarda a ƙara, amma alƙali ya yi kuskure ya rubuta masa ranar da ta kama kwana 17. Lauyansa ya bi abin da alƙali ya rubuta, ya shigar a rana ta 16. A 2007 Kotun Ƙolin Amurka, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce ya makara, domin alƙali ba shi da ikon ba da abin da doka ba ta ba shi ba. Hukunci ne mai ɗaci, kuma da wuya a kira shi adalci. Darasin da lauyoyi suka ɗauka shi ne ka ƙirga kwanakinka da kanka daga nassin doka, ko wa ya gaya maka rana.

Hurumi: kotun da ba ta da iko

Hurumi shi ne ikon kotu na sauraren wata ƙara. Kotun Ƙolin Najeriya, a shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962, ta jera sharuɗɗan da har yau ake kafa hujja da su: a kafa kotun daidai ta fuskar adadin alƙalai da cancantarsu, maganar ta kasance cikin abin da doka ta ba ta, sannan a shigo da ƙarar ta hanyar da ta dace bayan an cika duk sharaɗin da ke gabanta. Idan ɗaya ya faɗi, duk abin da aka yi ya rushe, komai kyawun shari'ar.

Abin da ya sa lauyoyi ke tsoron wannan batu shi ne ana iya tayar da shi a kowane mataki. Sai a shekara goma ana shari'a, a ci a kotun farko, a ci a ta ɗaukaka ƙara, a zo kotun ƙarshe a ce tun asali ba can ya kamata a fara ba. A 2007, a shari'ar Okafor da Nweke, Kotun Ƙolin Najeriya ta yi watsi da takardun da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi maimakon sunan lauya, saboda mutum ake rantsarwa ya zama lauya, ba a rantsar da ofis.

Sammaci ma nan yake. Idan ba a kai wa wanda ake ƙara takarda yadda doka ta ce ba, hukuncin da aka yanke a bayan idonsa yana iya warwarewa. Wanda ke wata ƙasa kuwa, sau da yawa sai an nemi izinin kotu tukuna, ko a bi hanyar Yarjejeniyar Hague ta 1965 idan ƙasashen biyu suna ciki.

Gaskiya daban, hujja daban

Alƙali bai ga abin da ya faru ba. Abin da aka kawo masa, kuma doka ta yarda ya karɓa, shi ne duniyarsa. Ƙa'idar tsohuwa ce, a fiƙihu ma an ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan wanda ya musa. A ƙarar haƙƙi, mai ƙara rinjaye kawai ake so ya nuna. A ƙarar laifi kuwa sai an kawar da duk wani kokwanto mai ma'ana. Wannan bambanci ne ya sa aka wanke O.J. Simpson, tsohon ɗan wasan ƙwallo a Amurka, daga tuhumar kisan mutum biyu a 1995, amma a 1997 wata kotun ta ɗora masa diyyar dala miliyan 33.5 kan mutuwar mutanen nan biyu. Kotunan ba su saɓa wa juna ba, ma'aunin kowace daban ne.

Yanzu hujja ta koma waya da kwamfuta, matsalar ta ƙaru. Mutum zai zo da hoton hirar WhatsApp yana ganin ya gama. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta Najeriya ta 2011 yana neman a nuna wace na'ura ce ta fitar da takardar da kuma cewa tana aiki daidai, ana kuma haɗawa da takardar tabbaci mai sa hannun wanda ke kula da na'urar. Indiya na da irin wannan sharaɗi, Kotun Ƙolinta ta tsaurara shi a 2014. Aikin lauya a nan tun ranar farko yake farawa: kada a sayar da wayar, kada a goge komai ko da ba ya yi wa mutum daɗi, a fitar da hirar gaba ɗayanta da ranaku da lambobi, a rubuta wanda ya fitar da lokacin da ya fitar. Hirar da aka yanko tsakiyarta, lauyan ɗaya ɓangaren cikin minti biyar zai yi kaca-kaca da ita. Goge saƙo bayan an san shari'a na tafe kuwa ya fi saƙon kansa illa, don kotu tana iya ɗauka cewa abin da aka goge ba alheri ba ne ga mai gogewar.

Lauyan da ke kare wanda ake tuhuma

Shari'ar laifi sau da yawa a ofishin 'yan sanda ake cinta ko a faɗi, kafin lauya ya iso. Bayanin da mutum ya sa wa hannu a daren farko shi zai bi shi har ƙarshe. Don haka ne Kotun Ƙolin Amurka a shari'ar Miranda ta 1966 ta wajabta a gaya wa wanda aka kama cewa yana da ikon yin shiru da ikon ganin lauya, Ingila kuma a dokarta ta 1984 ta shimfiɗa ƙa'idojin tsarewa da yin tambayoyi, aka kuma bi da ɗaukar muryar hirar. Idan wanda ake tuhuma ya ce da duka aka karɓi bayaninsa, lokacin da mai gabatar da ƙara ya miƙa takardar ne ake tsayawa a ƙalubalance ta. Lauyan da ya yi shiru a wannan gaɓa ya wahalar da kansa a ɗaukaka ƙara.

Sai batun amsa laifi don a sassauta. A wani hukunci na 2012 Kotun Ƙolin Amurka ta ambata cewa kashi 97 cikin ɗari na waɗanda aka samu da laifi a kotunan tarayya, da kashi 94 a na jihohi, amsawa suka yi. Ke nan shawarar da lauya ke bayarwa a ɗaki ta fi jawabinsa a gaban alƙali tasiri. Shawarar kuma tana tsallaka fanni. Jose Padilla, ɗan asalin Honduras, ya shafe sama da shekara 40 yana zaune a Amurka bisa izini, har ya yi mata aikin soja. Ya amsa laifin safarar tabar wiwi bayan lauyansa ya ce kada ya damu da batun zama, alhali laifin na cikin waɗanda ke jawo kora daga ƙasa. A 2010 kotu ta ce wajibi ne lauya ya faɗa wa baƙo wannan haɗari. Lauyan laifi wanda bai leƙa dokar shige da fice ba yana iya rage wa mutum wata shida a kurkuku ya raba shi da iyalinsa har abada.

Kwantiragi da kamfani

A nan lafazi ne sarki. A jihar Maine ta Amurka, doka ta jera ayyukan da ba a biya wa kuɗin ƙarin lokaci, ƙarshen jerin ya zo da ma'anar “ɗaure kaya don jigila ko rarrabawa”, babu waƙafi kafin “ko”. Shin aiki ɗaya ne, wato ɗaure kaya, ko kuwa rarrabawa aiki ne mai zaman kansa? Direbobin wani kamfanin madara suka ce su rarrabawa suke yi, ba sa ɗaure kaya, saboda haka jerin bai hau kansu ba. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta ce lafazin na da harshen damo, ta fassara shi don amfanin ma'aikata. Shekara ta zagayo kamfanin ya sasanta a kan dala miliyan 5.

Ko an tabbatar an saɓa alkawari, ba duk asara ake biya ba. A shari'ar Hadley da Baxendale ta 1854 a Ingila, sandar injin niƙa ta karye a Gloucester, aka ba masu jigila su kai ta Greenwich a ƙera sabuwa da samfurinta. Suka yi jinkiri, injin ya zauna kwanaki. Kotu ta hana masu injin ribar da suka rasa, saboda masu jigilar ba su san babu wata sandar ajiya ba. Tun daga nan, wanda ke da wata asara ta musamman da jinkiri zai jawo masa, sai ya faɗe ta a rubuce lokacin ƙulla ciniki.

Kuskuren da aka fi yi a ƙarar kamfani shi ne kama mai kamfanin. Tun shari'ar Salomon ta 1897 a Ingila aka tabbatar cewa kamfani mai rajista mutum ne mai zaman kansa a idon doka, bashinsa ba bashin masu hannun jari ba ne. Wanda zai ba ƙaramin kamfani kaya bashi, idan yana so ya iya bin mai shi, sai ya karɓi takardar lamuni da sunan mutumin, ko jingina. Kafin sa hannu kuma a duba rajista: cikakken sunan kamfanin, daraktocinsa, da ko an riga an jinginar da kadarorinsa ga banki. Sakin layi biyu da ake tsallakewa a ƙarshen takarda, wato dokar wace ƙasa za a bi da kuma inda za a warware saɓani, su ne ke zama komai ranar da aka ɓata.

Fili, gado da iyali

Lauyan filaye takarda yake bi, amma takarda ba ta isa ba. A shari'ar Boland ta 1980 a Ingila, miji ya jinginar da gida ga banki, sunansa kaɗai ke rajista. Matarsa ta sa kuɗinta wajen sayen gidan, kuma a ciki take zaune. Da bashi ya gagara, kotun ƙarshe ta ce haƙƙinta ya ɗaure bankin, tunda bai tambaye ta ba. Shi ya sa binciken rajista ke tafiya tare da zuwa a ga filin da ido, a san wa ke ciki, a kuma sa mai safiyo ya gwada iyaka da taswira. A Najeriya, shari'ar Savannah Bank da Ajilo ta 1989 ta rushe jinginar da aka yi ba da amincewar gwamna ba, kamar yadda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta tanada. Abin takaici a wannan hukunci shi ne wanda ya ci bashin ne ya ci moriyar aibun.

A gado, tambayar farko ita ce wace doka ce ke mulkin dukiyar. Dokar wasiyya ta Ingila ta 1837 tana neman shaidu biyu da ke wurin a lokaci ɗaya, kuma shaidan da aka yi wa kyauta a cikin wasiyyar, ko mijinsa ko matarsa, ya rasa kyautar. A Faransa mutum na iya rubuta wasiyya da hannunsa ya sa rana da sa hannu ba shaida ko ɗaya, amma ba ya iya hana 'ya'yansa kasonsu: rabi idan ɗa ɗaya ne, kashi biyu cikin uku idan biyu ne, uku cikin huɗu idan sun kai uku. A shari'ar Musulunci wasiyya ba ta wuce sulusi, kuma ba a yi wa magaji. Mutumin da ke da gida a ƙasa ɗaya, asusu a wata, iyali a ta uku, dukiyarsa na iya faɗawa ƙarƙashin dokoki biyu ko uku, domin gida yawanci dokar inda yake ake bi.

Rikicin riƙon yara kuwa ma'auninsa maslahar yaro, kamar yadda Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ta tanada. Iyaye kan zo da jerin laifuffukan juna, alƙali kuma yana tambayar wa ke kai yaron makaranta da asibiti.

Haɗarin da ke kan lauya kansa

Sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake wakilta doka ta kare shi, har kotu ba ta tilasta a faɗa. Kariyar tana faɗuwa idan an nemi shawarar don a aikata laifi ko zamba, tana kuma raunana idan mai sirrin ya tura wasiƙar lauyansa ga abokai. Lauya ba ya yi wa kotu ƙarya: yana iya tsayawa wa wanda ya gaya masa ya aikata, ya ce masu ƙara su kawo hujjarsu, amma ba zai kira shaidan da ya san ƙarya zai yi ba. Haka nan idan ya tsaya wa mai saye da mai sayarwa a ciniki ɗaya, ran da suka saɓa ba zai iya tsaya wa ko ɗaya ba.

Kuɗin mutane da ke hannunsa asusu daban ake buɗe musu, haɗa su da na ofis kaɗai laifi ne ko ba a taɓa ko sisi ba. 'Yan damfara sun gano wannan asusu: sai su kutsa cikin imel, ana gab da biyan kuɗin gida su aiko da saƙon cewa lambar asusu ta sauya. Maganin tsohon yayi ne, a kira lambar wayar da aka sani tun farko a tabbatar da baki.

Sabon rami shi ne manhajojin ƙirƙirarriyar basira. A 2023 wata kotun tarayya a New York ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 bayan sun kafa hujja da hukunce-hukunce shida da ChatGPT ya ƙirƙiro, babu su a ko'ina. Abin lura shi ne dalilin da ya kai su neman hujjar: fasinjan da suke wakilta ya kai ƙarar kamfanin jirgi bayan shekara biyun nan na Yarjejeniyar Montreal sun wuce. An ci tararsu, aka kuma kori ƙarar a kan wa'adi.

Masu cewa a sassauta da masu cewa a tsaurara

Ɓangare ɗaya na cewa kotu don adalci aka kafa ta, kuma bai dace a hukunta mutum da laifin lauyansa ba. Ɗaya ɓangaren na cewa ƙa'ida ita ce kariyar mara ƙarfi: ba don wa'adi ba, da sai a tayar wa mutum da maganar shekara 40 bayan shaidunsa sun mutu, ba don sharaɗin sammaci ba, da sai a ƙwace gidansa bai san ana shari'a ba. Suna ƙarawa da cewa duk ɗage zaman da aka yi wa malalacin lauya, wani ne a layi ya biya da lokacinsa.

Ingila ta gwada duka biyun cikin shekara guda. A 2013, a ƙarar ɓata suna da ɗan majalisa Andrew Mitchell ya kai jaridar The Sun, lauyoyinsa sun makara da kwana shida wajen miƙa kasafin kuɗin shari'a na sama da fam 500,000. Kotu ta ce ko ya ci, kuɗin rajistar kotu kawai zai iya nema daga abokin shari'a. Lauyoyi suka ɗauki wannan makami, kowa na fakon ɗan kuskuren ɗan'uwansa, har a 2014 kotun ɗaukaka ƙara ta gyara a shari'ar Denton: a duba girman saɓawar, a duba dalilinta, sannan a duba yanayin shari'ar gaba ɗaya. Wannan tsakaitawa ta fi kama hankali. Aibun da bai cutar da kowa ba kuma ana iya gyara shi da biyan kuɗin ɓata lokaci, rushe shari'ar shekara goma a kansa ɓarna ce. Wa'adin da majalisa ta rubuta da adadi kuwa, alƙali ba shi da yadda zai yi.

An ci shari'a, saura karɓa

Hukunci takarda ce. Kotu ba ta bin wanda ya faɗi gida ta karɓo kuɗi, mai nasara ne zai sake neman umarnin ƙwace kaya a yi gwanjo, ko umarnin da zai sa banki ya biya daga asusun wanda ake bi, wanda ke buƙatar a san bankin. Idan kamfani ya karye, masu jingina ne a gaba, mai hukunci a hannu ba tare da jingina ba yana layin baya tare da sauran masu bin bashi. Saboda haka tambayar da lauyan kirki ke yi tun zaman farko ita ce: wanda za mu kai ƙara yana da abin biya, kuma a ina yake? Idan akwai alamar zai kwashe dukiyarsa, ana neman umarnin daskarar da ita tun kafin hukunci, irin wanda kotunan Ingila suka fara bayarwa a 1975. Mai nema sai ya yi alkawarin biyan asarar da umarnin ya jawo idan ya faɗi daga baya.

Ketare iyaka ya fi wuya. Hukuncin kotun wata ƙasa ba ya aiki kai tsaye a wata sai da yarjejeniya ko sabuwar ƙara, alhali hukuncin masu sasanci na kasuwanci, wato waɗanda ɓangarorin suka zaɓa su yanke musu hukunci a wajen kotu, ana zartar da shi a ƙasashe sama da 170 ƙarƙashin Yarjejeniyar New York ta 1958. Dalilin da ya sa manyan 'yan kasuwa ke zaɓen sasanci ke nan, duk da tsadarsa.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, lissafin kuɗin shari'a ma yana cikin shawara. A Ingila wanda ya faɗi ne yawanci ke biyan kaso mai yawa na kuɗin lauyan wanda ya ci. A Amurka kowa nasa yake biya, sai inda wata doka ko kwantiragi ta ce akasin haka. Duk inda mutum yake, ranar farko da zai ga lauya ya tafi da takardun asali, da ranakun abubuwan da suka faru a jere, har da abin da yake jin kunyar faɗa, tunda ɗaya ɓangaren zai faɗe shi. Ya nemi a gaya masa ranar da wa'adinsa zai cika a rubuce, a rubuta yarjejeniyar kuɗin aiki, a kuma ba shi lambar ƙarar da kwafin duk takardar da aka shigar mai ɗauke da hatimin kotu da kwanan wata.